Ƙwai Masu Zanen Gawayi

Kukan 'yan tsaki ne ya kawo mini wannan tunanin yau da safe. Ba kuka mai ƙarfi ba ne, ɗan ciyau-ciyau ne daga bayan ƙofar kicin, inda kazar da Mama ta kawo mini daga ƙauye take kwance da 'ya'yanta. Ina zaune a kan tabarma, ɗana yana shan nono, hannuna na hagu kuma bai daina 'yar rawar da ya fara tun shekaranjiya ba. Zan gaya muku abin da ya faru shekaranjiya. Amma sai na fara ba ku labarin wata kaza, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane ni ba.

A Kafanchan aka haife ni, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Baba a tasha yake aiki, rigarsa kullum tana warin baƙin mai, mu kuma da kukan jirgi muke sanin lokacin tafiya makaranta da lokacin ɗora tukunya. Mama tana kiwon kaji a bayan gida, cikin akurkin da Baba ya haɗa da tsofaffin katakai da guntun kwano. Shekarata goma a bazarar tamanin da bakwai, mangwaro ya fara nuna, zafi ya hana kowa zama a ɗaki, lokacin da garin ya rikice. Ba zan shiga zancen wane ne ya yi me ba. Ban sani ba a lokacin, abin da na ji daga baya kuma kowa da irin nasa. Abin da na sani irin na yaro ne: hayaƙi ta wajen da ba a saba ganin hayaƙi ba, manya suna gudu ba takalmi, da wata mata da ke ta kiran ɗanta har muryarta ta dishe.

A safiyar ranar ce jar kazar Mama ta ƙyanƙyashe. Baba ya shigo yana haki, ya ce wani Alhaji da ke sayen citta a ƙauyen su Mama ya yarda a saka mu a lorinsa, mu fito yanzu-yanzu. Mama ta goya ƙanena. Ta manta da takalminta, ta manta da tukunyar da ke kan wuta, amma ba ta manta da 'yan tsakin ba. Uwarsu ta riga ta firgita da hayaniya ta haye katanga, sai Mama ta kwashe su haka nan, wasu ko bushewa ba su gama yi ba, ta zuba su a kwalin sabulu ta ɗora mini a cinya. Mutum in ya firgita, abin da hannunsa ke ɗauka yana da ban mamaki.

Har yau in na ji ƙanshin busasshiyar citta sai na tuna bayan lorin nan. Babu kaya a ciki, amma ƙurar cittar ta kama katakan, kowa sai atishawa yake yi yana hawaye, ba ka sanin na citta ne ko na wani abu. Hanyar duk ramuka. Kwalin yana tsalle a cinyata, su kuma suna ta kuka, babu fiffiken uwa, babu ruwa, babu wurin da ya tsaya cak da za su sa ƙafa. Ina jin motsinsu ta jikin kwalin kamar ƙananan zukata suna bugawa.

Ƙauyen yana ƙasar Jaba, ta wajen Nok, cikin duwatsu da gonakin citta. Kaka, mahaifiyar Mama, tana gindin rumbu tana ɓare gyaɗa muka iso. Ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ta ba mu ruwa a ƙwarya, ta shafa kan kowa, sannan ta buɗe kwalin ta leƙa. Da yarenmu take magana, ni ce nake mayar muku da shi Hausa. Ta ce, “Ina uwarsu?” Mama ta buɗe baki za ta amsa, sai kuka ya zo maimakon magana.

Kaka ta kwashe 'yan tsakin ta zuba su cikin zaninta, daidai ƙirji, ta ɗaure. Da yatsa take ɗiga musu ruwa a baki. Ta gwada ba wata kaza su riƙe, amma babu mai kwanci a gidan a lokacin, duk wadda aka kai wa sai ta bi su da sara. Haka suka tashi a cikin tsohuwar tukunya kusa da murhu, marayu da uwarsu a raye a wani wuri. Suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka bar guda, mace, mai zanen wake-wake, fari da baƙi. Kaka ta sa mata suna 'Yar Lori. Wani lokaci in ta gan mu tare sai ta ce ga 'yan lorinta biyu.

Mama ba ta koma yadda take ba. Matar da a da take rera waƙar coci tana wanki, yanzu in ƙofa ta bugu sai ta miƙe tsaye. Ƙullin kayanmu ba ta yarda a kwance shi ba, yana nan bakin ƙofa. In muna tafiya rafi sai ta kama wuyan hannuna ta riƙe, riƙon da nake jin zafinsa amma ba na cewa komai, don ni ma in ta saki sai in ji kamar zan faɗi. Da Baba ya aiko cewa gari ya lafa, na ɗauka tare za mu koma. Na ga Mama da Kaka sun daɗe a bayan rumbu suna magana ƙasa-ƙasa. Washegari Mama ta goya ƙanena, ta ɗauki ƙullin, ta ce mini zan zauna wajen Kaka in yi makaranta a nan. Ba ta kalli idona ba. Na bi ta har bakin hanya, Kawu, ƙanen Mama, ya ɗauko ni ina shure-shure. A zuciyata na yanke cewa an zaɓi wanda ake so an tafi da shi.

Kada ku ɗauka zaman baƙin ciki na yi a ƙauyen. Ko kaɗan. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙanshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi yumɓu ya ci. Na koyi rufe kunyar citta da ganye, na koyi sussukar acca da ƙafa, na ci gwate mai yakuwa da gyaɗa har cikina ya yi tulu. Aikin da na fi so shi ne ɗebo gara. Da yamma Kaka takan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karan masara, ta yayyafa ruwa, mu kai mu kife a kan suri. Da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, sai mu je mu ɗaga, ga gara nan fal tana nuƙu-nuƙu. Kaka ta juye a tsakar gida, ta yi wani kira da harshe, kirr-kirr-kirr, kaji su zo a guje ta ko'ina. Mama kuma duk ƙarshen wata tana zuwa da burodi da sabulu. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitso, irin nata mai layi uku da ke haɗuwa a ƙeya, ta kwana ɗaya ta koma. Ta hana kowa taɓa kaina, ko da kitson ya tsufa ya yi buzu-buzu. Ni kuwa ina zaune ina cika ina batsewa.

'Yar Lori ta girma, amma ba kamar sauran kaji ba. Ƙararrawar cocinmu guntun ƙarfen layin dogo ne da aka rataye a bishiyar mangwaro. In aka buga shi, duk kajin gidan sukan ɗaga kai, su karkata wuya, su koma kiwonsu. Ita kuwa sai ta kwasa da gudu ta shige ƙarƙashin rumbu, kuma ba za ta fito ba har mu je sujada mu dawo. Taɓarya in ta faɗi, haka. Babur in ya wuce, haka. Inuwar ganye ma in ta gifta. Wata rana Kaka ta jawo ta daga ƙarƙashin rumbun bayan komai ya daɗe da wucewa, ta sa mini ita a hannu ta ce in ji. Bakinta a buɗe tana haki, ƙirjinta yana bugawa a tafina kamar za ta fashe. Kaka ta ce abin da ya tsorata ta ya tafi tun ɗazu, amma jikinta bai sami labari ba.

Ni ma na san wannan bugun. A makon ne aka binne wani tsoho a unguwar sama, aka harba bindigar toka kamar yadda ake yi wa manya. Ina dawowa daga rafi da tulu a kai. Ban san lokacin da na sake shi ba, ban san lokacin da na shiga gonar rogo ba. Sai da rana ta karkata aka same ni a can a tsugune. Yaran makaranta suka samu abin tsokana, in na zo wucewa sai wani ya buga murfin tukunya don su ga tsallena.

Kazar ba ta ƙiba, tana ci amma kamar ana zubawa a rami. Da ta fara ƙwai ta yi kwanci, ko wane motsi sai ta tashi ta bar su su huce, duk suka lalace. A karo na biyu ta samu ta ƙyanƙyashe kaɗan, amma sai ta yi ta jan su da gudu cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, daga wannan maɓoya zuwa waccan, ba ta tsayawa ta yi musu tono. Su ma suka koyi watsewa da an yi tari. Sanyi da yunwa suka kwashe su. A nan ne Kawu ya ce magana ta ƙare, ranar Kirsimeti da ita za a fara. Yana dariya ya ce ko miyar ma ba za ta yi daɗi ba, tsoro ya riga ya cinye naman, amma dai a rage asarar dusa. Ya ce abin da ba ya iya riƙon kansa, ba ya iya riƙon 'ya'ya, ina amfaninsa a gida.

Ba da ni yake ba. Kawu mutum ne mai son wasa, shi ke ɗauko ni a wuya in mun dawo daga gona. Amma maganar ta shige ni ta zauna. Na fara lissafin cewa in an yanka ta, to an faɗi gaskiya a kaina ni ma, kuma Mama ta yi daidai da ta bar ni.

Akwai wata Bafulatana daga rugar bayan dutse da ke kawo wa Kaka nono da man shanu, ta karɓi acca ko gwaza. Inna muke ce mata. Su biyun da Hausa suke ciniki, kowacce tana murɗa ta irin na bakinta, kowacce tana cewa ɗayar ce ba ta iya ba. Ita ma tana da 'yan uwa a Kafanchan, abin ya taɓa su, amma ban taɓa jin sun yi zancen ba sai sau ɗaya da suka haɗa baki suka ce Allah ya kyauta. Da damina Inna takan zo da ƙwan zabi da yaranta suka tsinto a daji. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, don haka Kaka takan sa ƙwan a ƙarƙashin wata tsohuwar baƙar kaza da ke gidan. Wannan kazar, ban taɓa ganin halitta mai sanyin rai irinta ba. Akuya takan tsallake ta tana kwance ba ta motsa ba. Ita ke ƙyanƙyashe zabin, ta yi ta yawo da su kamar nata.

Ranar da Inna ta kawo ƙwai a wannan shekarar, 'Yar Lori ma ta tara nata a bayan tulun ruwa. Kaka ta daɗe tana kallon su. Sai ta ɗauko gawayi daga murhu, ta ɗauki ƙwan 'Yar Lori ɗaya-ɗaya tana yi wa kowanne zane, ta kai ta jera su a ƙarƙashin baƙar kaza. Na zabin kuma ta ce a dafa mini. Inna ta ce wannan tsohuwa ta fara ruɗewa, an kawo mata zabi tana ba jika. Kaka ta ce ai ruɗewar a ruga ta koyo ta.

Ni kuwa raina ya ɓaci. 'Yar Lori ta dawo bayan tulu tana ta zagaye tana kyarkyara, babu komai a wurin. Na ce wa Kaka ta sace mata 'ya'ya.

Ta ce, “Ba sata ba ce. Ajiya ce.”

Na ce to me ya sa ta yi musu zane.

Ta ce, “Don kada a manta ko na wace ce. Mai ɗumi daban, mai ƙwai daban.”

Da kwanakin suka cika, suka fito, duk wake-wake kamar uwarsu, suna bin baƙar kaza a baya. Ita kuma a hankali take komai. Ta yi tono, ta kira su, ta tsaya har su ƙoshi, ta kwanta su shige. Ranar Lahadi ta farko ban tafi coci da wuri ba, na laɓe a ƙofar ɗaki ina jiran a buga ƙarfen. Aka buga. Suka ruga gaba ɗaya suka shige ƙarƙashin fiffikenta, sai zuciyata ta faɗi, na ce shi ke nan, abin a jini yake. Baƙar kazar ta ɗaga kai ta duba sama, ta duba gefe, ta yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro. Kafin mai bugun ya gama, sai ga wani ɗan kai ya leƙo ta cikin gashinta. Sai wani. Suka fito suka ci gaba da tsattsagar dusa. Akwai guda da ya fi sauran daɗewa, kuma har ya girma ya fi su saurin zabura, ba zan ɓoye muku ba. Amma shi ma yakan fito.

Kaka tana bayana ashe, tana ɗaura ɗankwalin coci. Ta ce kazar da ba ta jin tsoro sam ba ta kai wata guda a gidan nan, shirwa na nan a kan dutse tana jiran irinta. Ta ce ita gudun ba ya damunta, abin da take dubawa shi ne yaushe za su fito su ci gaba da kiwo.

Kirsimeti ya zo, wani zakara mai yawan faɗa ne ya shiga tukunya. Kaka ta ce wa Kawu kazar da ta ba ta wannan garken ba za ta ga wuƙa ba, in yana son nama ya je ya kama nasa. Ta ƙara da cewa tun da 'Yar Lori ta girma shirwa ba ta ɗauki ɗan tsako a tsakar gidan ba, don ita ke fara hango ta ta yi kururuwa. Kawu ya ce wato an ɗauke ta aikin gadi ke nan, sai a saya mata tocila. Daga nan kuma kowace safiya Kaka takan ware gara kaɗan a tafin hannu, ta tsuguna a wuri guda, gindin rumbu, ta yi kiran nan nata a hankali har 'Yar Lori ta zo ta ci a hannunta. Daga baya ta bar mini aikin. Ba ta warke ba, har ta tsufa tana gudu. Amma zaman ƙarƙashin rumbun ya yi ta raguwa, har ya zama kafin mu kai ƙofar coci ta fito. Ni ma, ban san ranar da abin ya faru ba, yaran makaranta suka gaji da buga murfin tukunya, don tsallen ya daina ba su dariya.

Na koma Kafanchan da zan shiga sakandare. A aji huɗu malamin noma ya yi mana darasin kiwon kaji, ya kawo zancen da ya sa na ajiye biro. Ya ce a jikin tsuntsu, kamar a jikin mutum, akwai wasu 'yan ƙananan halittu kusa da ƙoda da ke sakin wani sinadari cikin jini in an firgita. Shi ke sa a manta da yunwa a sami ƙarfin gudu. In haɗari ya wuce, ƙwaƙwalwa takan sa a rufe, kamar famfo. Ya ce ɗan tsakon da ya sha sanyi ko yunwa ko rashin uwa tun yana ɗanye, jikinsa yakan ɗauka haka duniya take, sai famfon ya riƙa saurin buɗewa yana jinkirin rufuwa, abincin da zai zama tsoka ya tafi a zaman ɗar-ɗar. Na ji kamar ya taɓa riƙe 'Yar Lori a hannunsa. Sai ya ƙara da cewa uwar da ke cikin wahala tana iya barin kaɗan daga sinadarin a cikin ƙwai. Na ɗaga hannu na tambaya ko ana iya gyarawa. Ya ce gaskiya bai san iyakar abin ba, amma yadda aka rene shi bayan ya fito yana da nasa rabon. Rabin farko na maganarsa ne ya bi ni gida, ya bi ni har ɗakin aure, har ranar da na haihu.

To, shekaranjiya. Na je kasuwa da ɗana a goye, na sayi tumatir da gwaza. Tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi, wani ya yi ihu, mutane suka fara gudu. Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a ƙarƙashin teburin wata mai doya, na juyo da yaron gaba na matse shi a ƙirji, matsewar da ta sa ya ƙwalla kuka. Da na dawo gida na ga shaidar yatsuna a cinyarsa. Jiya da safe na haɗa kayansa a jaka, na aika a kira Mama. Kaka ta rasu bara, bayan an cire citta, don haka babu wani wurin da zan kai shi sai wajenta. Na gaya mata abin da ya faru a kasuwa, na ce ta tafi da shi in an yaye shi, ko ma kafin nan, don ni zan lalata shi. Na ce abin a jikina yake, na riga na ba shi tun yana ciki, kada in ƙara masa.

Mama ta zauna a bakin gado, ta karɓi yaron ta duba cinyar. Ta daɗe tana shafa wurin. Sai ta ce, “Ina tumatirin?”

Na ce yana kicin, na yi miya da rabi.

“Wa ya kwaso miki?”

Na ce ni. Da aka ce taya ce, na rarrafo na fito, na tsince su a ƙasa, na ba mai doya haƙuri don na ture mata tulin doya, ita kuma tana ta yi mini dariya tana cewa amarya ai sai ki biya kuɗin haya.

Mama ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye. Ta ce a waccan shekarar, daga ranar lori har aka girbe dawa ba ta taka kasuwa ba, Baba ne ke cefane. Ta ce wata rana tana yi mini wanka a ƙauye ta ga shatin yatsunta a wuyan hannuna, baƙi-baƙi, sabo a kan tsoho. Ta lura in ta zabura sai in zabura, in ta kalli ƙofa sai in kalli ƙofa. Ƙanena jariri ne, nono yake sha, ba ta da yadda za ta yi. Amma ni ina da ido, ina kwashe komai.

Ta ce, “Ni na roƙi Kakarki a bayan rumbu. Da fari ta ƙi. Na ce mata, Mama, ki ɗora ta a jikinki har nawa ya huce.”

Hannuna ya tafi kaina da kansa, ya taɓa layi ukun da ke haɗuwa a ƙeya, don har yau ita ke yi mini kitso. Shekara goma sha biyu ina riƙe da fushin an bar ni, ashe nawa zanen gawayin yana kaina ina yawo da shi.

Mama ta miƙo mini yaron. Ta ce ita ba ta fito ba shi ya sa ta ba da ajiya, ni kuwa na fito har na tsinci tumatir na yi miya. Ta ce in yana ganin na shiga ƙarƙashin tebur, zai kuma ga na fito, kuma wannan ne abin da ita ta kasa nuna mini. Ta zazzage jakar da hannunta ta mayar da kayan cikin akwati.

Abubuwa sun canja. Jirgi ya yi wuyar gani a tasharmu, ciyawa ta fara cin wasu layukan. Maƙwabciyata 'yan tsakin gidan gona take saya a kwali, ɗari-ɗari, fitila ce uwarsu, ba su san fiffike ba, wani lokaci in na ji kukansu sai in rufe taga. A ƙauye matar Kawu ce ke riƙe da rumbun, kuma har yanzu in kaza ta cika zabura takan ɗauko gawayi. Wannan da ke bayan kicin ɗina wake-wake ce, daga zuriyar 'Yar Lori, Mama ta kawo ta ranar da aka sa wa yaron suna a coci.

Ɗazu, ina cikin rubutun nan, sai ga jirgin kaya ya yi kuka daga tasha, irin dogon kukan nan da muka daɗe ba mu ji ba. 'Yan tsakin suka ruga ƙarƙashin uwarsu. Ɗana ya saki nono ya zaro ido yana kallona. Ƙirjina ya buga, hannun ya ƙara rawa. Na bar shi ya yi rawarsa. Na sa harshe na yi masa kirr-kirr-kirr a hankali, yadda Kaka ke yi a gindin rumbu, muka jira tare. Can sai wani ɗan kai ya leƙo ta cikin gashin kazar. Yaron ya juya ya kama nononsa.

Gwaza ta ƙare, kuma na san mai doyar nan tana can tana jirana da tsokana. Bari in goya shi mu tafi.